Rediyogiram ɗin Baba

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, babu abin da ba a ƙididdige ba. An yi wa gidan kuɗi, an yi wa gona kuɗi, an yi wa tsohuwar Peugeot 504 da ta shekara goma ba ta motsa ba kuɗi, har dardumai da tukwanen girkin biki sai da suka shiga takarda. Da malamin da ke rabon ya iso sito, sai ya yaye wani tsohon zanen gado, ya dubi abin da ke ƙarƙashinsa, ya tambayi babban wanmu: "Wannan fa, kabad ce?" Yaya ya ce rediyo ne na zamanin da, ya mutu tun muna yara. Malam ya mayar da zanen. Ba a rubuta shi ba.

Bayan mako guda na tarar da wani yaro ɗan jari-bola a tsakar gida yana ɗaga gefen akwatin, yana jin nauyinsa. Katakon bai dame shi ba. Jan ƙarfen da ke naɗe a cikin taransifoma yake wa ciniki, a kan sikeli. A nan na ce wa Yaya ni zan ɗauka, amma a yi masa kuɗi a cire daga kasona, don kada in kwana da haƙƙin magada. Ƙannena mata suka yi ta dariya. Aka yi masa kuɗin da ɗan jari-bolan ya taya.

Ga wanda bai riski zamanin ba, rediyogiram dogon akwati ne na katako mai ƙafafu huɗu, tsawonsa ya kai na kujera mai cin mutum biyu. A cikinsa akwai rediyo, da garmaho mai juya faifai, da na'urar ƙara sauti, da lasifika a kowane gefe. Namu ƙirar Grundig ne na Jamus, na farkon shekarun 1960, lokacin da faifan da ke raba sauti dama da hagu yake sabon abu, domin sai a 1958 ya fara shiga kasuwa sosai. Baba bai saye shi sabo a kanti ba. A hannun wani Bature ya saye shi a 1964, lokacin da mutumin yake sayar da kayansa zai koma gida.

Wannan ciniki shi ne tarihin unguwarmu a taƙaice. Turawa ne suka keɓe wa kansu Nassarawa, nesa da ganuwar birni, suka yi gidaje masu faɗin fili da baranda, suka jera itatuwan maɗaci da darbejiya a bakin hanya. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, sai ma'aikatan Arewa irin su Baba suka gaji ofisoshin, suka gaji gidajen, wani lokaci har da kukun da kayan falon. Kafin nan, abin da yawancin mutanen Kano suka sani shi ne rediyo mai waya, wanda ya zo a 1944: akwati ne da ake jawo masa waya daga tasha, abin da aka ga dama a tasha shi za ka ji. Mai rediyogiram kuwa shi yake zaɓa. Yana iya murɗawa ya kamo Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ko Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, ko ya rufe su duka ya ɗora faifai. Abin da aka saya da kuɗi mai yawa ke nan: ikon zaɓen abin da gida zai ji.

Kuskuren farko ni na yi shi, kuma shi ne kuskuren da kusan kowa yake yi. Da na kai shi gidana na goge ƙura, sai zumuɗi ya ɗebe ni na sa filogi a soket. Fitilun gilashin gaba suka kama, zuciyata ta buga. Sai wani gurnani mai kauri ya taso daga lasifika, sai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin, sai siririn hayaƙi. Na fizge waya. Da na ƙara minti biyu, da yanzu labarin wata kabad nake ba ku.

Na yi yawo kafin in sami mai gyara. Samarin da ke gyaran waya da talabijin, waɗanda hannunsu ya ƙware ƙwarai a aikinsu, duk shawara ɗaya suka ba ni: a kwashe kayan cikin, a zuba sabuwar na'ura mai Bluetooth, a bar katakon don ado. Yaya ma da ya ji haka ya ce ai ita ce shawarar masu hankali. Ban ga laifinsu ba. An horar da su a kan kayan da ba a gyarawa sai dai a canza allo guda, kuma a lissafin kuɗi, wanda shi ne sana'ata, su ne da gaskiya. Daga ƙarshe wani tsohon direban ofishinmu ne ya kwatanta mini wani dattijo a wani lungu a Sabon Gari, wanda yanzu fanka da dutsen guga yake gyarawa, saboda su ake kawo masa.

Da muka sauke akwatin daga a-kori-kura, dattijon bai ce komai ba. Ya kwance murfin baya, ya sunkuya ya shinshina, sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, ka kunna shi."

Na ce, "Baba, minti ɗaya ne kawai."

Ya ce, "Wanda ya shekara arba'in yana barci, ba a tashinsa da bulala."

Warin da na ji, in ji shi, na wani falalen ƙarfe ne mai sinadarin saliniyam, wanda aikinsa shi ne mayar da wutar gida mai kai-da-komo ta zama mai tafiya hanya ɗaya. Shi ya ƙone, kuma sa'a ce da ya riga taransifoma mutuwa.

A shagon nan na koyi abin da nake so in bayyana wa mai karatu, domin sai an fahimce shi ake gane dalilin da ya sa waɗannan akwatuna suke gyaruwa. Zuciyar rediyogiram ita ce bawul, wata 'yar kwalba da aka zuƙe iskar cikinta, mai kama da ƙwan fitila. A tsakiyarta akwai zaren da wuta mai ƙarfin bolt 6.3 take zafafawa. Idan ya yi zafi, sai ƙwayoyin lantarki su riƙa tashi daga ƙarfen da ke kewaye da shi, su tsallaka fili zuwa wani faranti mai ɗauke da wuta ta wajen bolt 250. Tsakanin su biyun akwai 'yar raga ta siririyar waya. Ɗan raunannen saƙon da ya fito daga allurar garmaho ko daga eriya, a kan ragar nan ake ɗora shi, ita kuma tana buɗewa tana tsukewa kamar mai gadin ƙofa, sai babbar wutar da ke wucewa ta ɗauki siffar ƙaramin saƙon. Ƙara sauti ke nan. Wani Ba'ingile, Fleming, ya ƙera bawul na farko a 1904, wani Ba'amurke, De Forest, ya ƙara masa ragar a 1906, kuma a kan wannan dabara rediyon duniya ya tsaya har taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ta ture shi a shekarun 1960. Zafafa zaren nan shi ne dalilin da ya sa idan ka kunna sai ka jira kusan rabin minti kafin murya ta taso. Muna yara mun ɗauka mutanen ciki ne suke shiryawa.

Abin mamaki, bawul ɗin da kowa yake zargi ba shi ne yake yawan mutuwa ba. Cikin waɗanda ke namu, biyu kawai aka canza. Masu kashe tsohon rediyo su ne kwandansa, waɗansu ƙananan abubuwa masu kama da alewa da aka naɗe. A wancan zamani da takarda da kakin zuma ake yin da yawansu, takarda kuwa tana shan danshi, tana tsufa, sai ta fara yoyon wuta. Akwai guda ɗaya da ke gaban babban bawul mai tura sauti zuwa lasifika, wanda ake kira EL84. Idan ta yi yoyo, ƙofar ragar nan sai ta tsaya a buɗe, bawul ya yi ta zuƙar wuta har farantinsa ya yi ja, ya ja taransifoma su mutu tare. Abin da bai kai kuɗin kwalbar lemo ba shi yake kashe abin da ba a samunsa a kasuwa. Manyan kwandansa kuma, masu tace wuta, ruwan cikinsu ne yake bushewa, kuma zafin Kano na watan Afrilu ba ya yi musu da sauƙi. Su ne suka yi gurnanin da na ji. Ga kuma gargaɗin da dattijon ya maimaita mini har na haddace: suna iya riƙe wutar da za ta kayar da ƙato ko bayan an zare filogi. Shi kansa idan yana awo a ciki, hannunsa na hagu a aljihu yake ajiye shi.

Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙarfen liƙi, dalma, tsohuwar mitar awo mai allura, da wani katako da ya kafa wa soket da ƙwan fitila. Ta cikin ƙwan yake bi da wuta kafin ta shiga rediyo. In akwai matsala a ciki, ƙwan zai haska fes ya shanye wutar, rediyo ya tsira. In lafiya, zai yi ɗan haske sannan ya dushe. Dabarar tana buƙatar ƙwai irin na da mai zare, mai wat 60 ko 100, kuma sai da muka yi kwana biyu muna nemansa, domin kasuwa ta koma ƙwai mai tsimin wuta. Na sami bawul daga Turai ta intanet cikin mako uku, tunda har yau ana ƙera su a Rasha da Sulobakiya da Sin saboda masu kaɗa jita, amma ƙwan fitila ya nemi ya gagare ni a Kano.

A kan kwandansa ne muka yi saɓani. Na karanta cewa masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka sukan fi daraja wanda ba a taɓa cikinsa ba, wasu har sukan huda tsohuwar kwandansa su ɓoye sabuwa a cikinta don kada ido ya gane. Na ce ko za mu yi haka. Ya ajiye ƙarfen liƙi.

"Alhaji, ji kake so ka yi ko kallo?"

Na ce duka biyun.

Ya ce, "To wanda zai buɗe shi bayana fa? In na ɓoye sabo a cikin tsoho na yi masa ƙarya. Zai cire mai kyau yana zaton ruɓaɓɓe ne."

Ban taɓa tunanin akwai wani bayansa ba. Shi kuwa a kansa yake aiki. Duk abin da ya cire sai ya jefa a wani gwangwanin madara, kuma ya rubuta kwanan wata da abin da ya canza da fensir a jikin murfin baya. Da na duba da kyau sai na ga wani rubutun fensir ɗin a sama da nasa, ya dushe, na wani mai gyara da ya canza bawul a 1971. Ban san ko wane ne ba. Masu ƙera akwatin ma da wannan niyya suka yi shi: kowane bawul yana zaune a gurbinsa, ana zare shi da hannu, kuma an manna taswirar wurin kowanne a ciki. An yi shi ne da sanin cewa zai lalace, kuma wani zai buɗe.

Garmahon bai ba mu wahala sosai ba. Giris ya daskare ya zama kamar ƙaro, sai aka wanke da kananzir aka sa sabo. Wata 'yar tayar roba da ke juya farantin ta ƙandare, aka samo madadinta. Abu ɗaya ne ya kamata mai sha'awa ya sani a nan: injin garmaho da bugun wutar gida yake auna gudunsa. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamar ta Turai, ta Amurka kuwa sau 60. Saboda haka manyan akwatunan Amurka irin su Magnavox da Zenith, ko ka rage musu ƙarfin wuta da taransifoma, faifai zai riƙa juyawa da ragin kashi ɗaya cikin shida, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Ko namu na Jamus, in aka tayar da janareta, muryar mawaƙi takan hau ta sauka duk lokacin da firiji ya tashi.

Katakon kuwa gara ta ci ƙafa ɗaya, hunturu ya ɗaga fatar saman. Wani kafinta ya so ya kankare shi duka ya fesa masa sabon fenti mai walƙiya. Na hana. Akwai da'irar da kofin shayin Baba ya bari a kusurwar dama, tana nan.

Bayan wata huɗu ya yi magana. Akwai wani ɗan koren haske a gaba da muke kira idon mage, wanda yake tsukewa idan tasha ta kamu daidai. Da na ga ya buɗe a shagon nan, tsakanin matattun fankoki, sai da na juya baya na ɗan lokaci.

Sai dai a nan ne na gane cewa gyaran akwatin shi ne ɓangare mai sauƙi. Me zai faɗa? Gilashin gabansa cike yake da sunayen garuruwan Turai da tashoshinsu suka daɗe da yin shiru a waɗannan wurare. Zangon FM ɗinsa a 100 ya tsaya, don haka Freedom Radio, da ke kan 99.5, a bakin gaɓa nake kamo ta, duk tashar da ke sama da nan kuwa babu ita a duniyarsa. Gajeren zango, wanda shi ne alfaharinsa, yanzu cike yake da ƙarar inbata da cajar waya da fitilun zamani, sai na kashe rabin kayan gidan kafin in ji Landan sosai.

Faya-fayai kuma su ne babban ciwon. A aljihun akwatin na sami 23. Akwai Jim Reeves har guda huɗu, wanda duk gidan ma'aikaci na wancan zamani ya san shi, akwai waƙoƙin fina-finan Indiya, akwai Rex Lawson. Na Hausa uku ne kacal, biyu sun lanƙwashe saboda zafin sito, na ukun, na Mamman Shata, ya tsage daga baki. Na shiga nema. Faifan Jim Reeves ko yau na so zan saya a intanet, domin an buga miliyoyi kuma an adana. Na mawaƙanmu kuwa, da kaset ya shigo a shekarun 1970 sai aka watsar da su, yara suka yi wasa da su, rana ta narkar da sauran. Gida nawa na je a birni da Fagge aka ce mini, "Ai da akwai su cike da kwali, ba mu san inda suka shiga ba." Abin da ya rage mana na Shata da Ɗan Maraya Jos da sauransu yawanci kwafin kwafin kaset ne da ke yawo a waya, an matse shi har kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani. Muna cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma a aikace mu mutane ne masu saurin zubar da tulun. A ganina, mai son ya shiga wannan sha'awa a Kano ya fara da ceton faifai kafin akwati. Akwatin Grundig akwai dubbansa a Jamus. Wani faifan Hausa kuwa mai yiwuwa wanda ke sitonku shi ne na ƙarshe.

Da komai ya kammala, na je na ɗauko Hajiya, mahaifiyarmu. Na shirya abin kamar biki, na zaunar da ita a gabansa, na danna maɓalli, ina satar kallon fuskarta. Ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Wannan abin dai. Ashe yana nan."

Na ce, "Hajiya, ba ki yi murna ba?"

Ta ce, "Ni ina ruwana da shi? Na babanku ne. Shekara nawa ina goge shi, ban taɓa murɗa shi ba."

A falon maza yake, in ji ta, kuma ba a taɓa shi sai mai gida yana nan. Ita rediyonta shi ne ɗan ƙaramin mai batir da aka sayo mata daga baya, wanda take ajiyewa a madafa, ta kamo zaɓi-sonka ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ni da nake kukan cewa taransista ta kashe bawul, ban taɓa lissafa wa ta 'yantar ba. Ikon zaɓen da na ce an saya da kuɗi mai yawa, na mutum ɗaya ne a gidan.

Sannan ta ce abin da take tunawa da shi guda ne. Wata Asabar cikin azumi, 15 ga Janairun 1966, tana amarya, maƙwabta suka cika falon har baranda, Baba yana durƙushe a gaban akwatin yana murɗawa tsakanin Kaduna da Landan, har aka tabbatar an kashe Sardauna. Ta ce ranar ce kaɗai ta ga an bar mata sun tsaya a ƙofar falo, kuma ranar ce ta fara ganin hawayen mijinta. Bayan shekara goma, ran 13 ga Fabrairun 1976, a gabansa suka ji an kashe Murtala. "Ka ga kuwa," in ji ta, "ba abin da zan yi kewa ba ne."

Na rasa abin faɗa, sai na ɗora faifan Shata, na sa allura bayan tsagin. Kalangu ya cika ɗakin da wani kauri da ban taɓa ji a waya ba, kana jin fatar gangar da tazarar da ke tsakanin mawaƙi da 'yan amshi. Kowane zagaye allura takan yi ɗan tsalle. Hajiya ba ta ce komai ba har ya ƙare. Sai ta ce tsagin nan ita ta yi shi, garin shara, kuma ta bari aka daki Yaya a kansa. Ta ce kada in gaya masa. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta, ai yanzu ya girma.

An sayar da gidan Nassarawa bara. Wanda ya saya ya rushe shi, ya sare maɗatan, yana gina gidaje shida a filin. Dattijon Sabon Gari kuma idonsa na dama ya fara yana, kuma ba shi da yaron shago, domin na ƙarshe ya koma gyaran waya. Yanzu duk Asabar nakan je da littafi in zauna kusa da shi. Na sayi ƙarfen liƙi nawa, na ƙona yatsa sau biyu. Makon jiya ɗan jari-bolan nan ya kira ni, domin na ba shi lambata na ce duk inda ya ga irinsa zan ninka masa kuɗin sikeli. Ya samo wani Philips a Bompai, babu ƙafa ɗaya, ɓera ya yi sheƙa a cikin lasifika, ga kwalin faya-fayai a kansa da ba mu buɗe ba tukuna. Dattijon ya ce wannan ni zan kwance murfin bayan, shi zai zauna ya riƙa gaya mini inda ba a sa hannu.